Zauren Baƙi Daban, Cikin Gida Daban: Amsar Wasiƙunku kan Raba Wifin Wurin Sana'a

Wasiƙu uku na ɗauko a wannan fitowa, daga Garwa da Marwa da Kusiri. Ta farkon ce za ta ci mana fili, domin abin da ya sami mai ita yana jiran mutane da yawa da ba su sani ba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina da masaukin baƙi a nan Garwa, wajen Rumde Ajiya, bene ne hawa ɗaya mai ɗakuna ashirin da biyu. Lokacin gasar ƙwallon ƙafa ta Afirka da aka buga a 2022 na sa aka jawo mini intanet, aka liƙa faya-fayan wifi guda huɗu a silin. Yaron da ya yi aikin ya buɗe sunaye biyu, ɗaya na ofis ɗaya na baƙi, kowanne da tasa kalmar sirri, ya ce mini an raba. Makon jiya wani baƙo ya sauko da safe ya miƙo mini wayarsa, sai ga teburin karɓar kuɗi da ƙofar shigowa suna motsi a ciki, kai tsaye daga kyamarorina. Ya ce bai fasa komai ba, wifin baƙi kawai ya hau. Raina ya ɓaci ƙwarai. Yaron ne ya cuce ni, ko kayan ne ba na kirki ba? Kuma mene ne VLAN da nake ji ana faɗa? Daga wani mai masauki a Garwa.

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Kafin komai, wannan baƙo ya cancanci godiya. Da wani ne mai baƙar aniya, da shiru zai yi, ya zauna a ɗakinsa yana kallon lokacin da mai karɓar kuɗi yake tashi salla da aljihun teburin da ake zuba kuɗin yini.

Ban ga alamar cuta daga yaron ba. Abin da ya yi shi mafi yawan masu wannan aiki suke yi a garin nan, kuma da yawansu sun gaskata cewa sun raba ɗin. Sunaye biyu da ya buɗe ƙofa biyu ne da aka fasa wa ɗaki ɗaya. Wanda ya shigo ta gabas da wanda ya shigo ta yamma, a kan tabarma ɗaya za su haɗu. Wayar baƙonka ta karɓi adireshi, wato lambar da ake gane kowace na'ura da ita a layin, daga jeri ɗaya da kwamfutar ofis da firinta da akwatin da ke naɗar hoton kyamarori, don haka tana iya ƙwanƙwasa wa kowannensu. Saura kalmar sirrin akwatin kyamarar, wadda nake kyautata zaton tana nan yadda ta fito daga kwali, ko kuma an sa mata 123456. Yau ɗin nan, kafin ka kira kowa, a canja ta. Wannan sakaci ba ƙaramin abu ba ne: a shekarar 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta kame dubban ɗaruruwan kyamarori da rautoci, wato akwatunan da ke haɗa gida da intanet, a duniya ba da wata dabara ba, illa gwada kalmomin sirrin da kamfanoni ke sakowa da su, aka kuma yi amfani da su aka durƙusar da manyan shafukan intanet a Amurka.

Yanzu ga VLAN. Alhaji, ka dubi gidan da ka tashi a ciki. Baƙo yana da zaure. A nan za a shimfiɗa masa, a kai masa ruwa da abinci, ya kwana in ta kama, ya fita titi lokacin da ya so. Amma ba ya zarcewa cikin gida, balle turakar maigida, kuma babu baƙon kirki da ya taɓa jin haushin haka. VLAN hanya ce ta gina irin waɗannan katangu a cikin kebul ɗaya da suwic ɗaya, wato akwatin da kebul ɗin gidan suke haɗuwa a ciki, ba tare da ka sayi kaya kashi uku ba.

Yadda abin yake tafiya kuwa, ka tuna tashar mota. Buhunan mutane goma suna shiga bayan mota ɗaya daga Garwa, amma kafin a ɗora, yaron tasha ya ɗauki alƙalami ya rubuta a jikin kowanne: wannan Gidar, wannan Marwa, wannan Kusiri. Ba wanda ake sauke wa kayan wani. Saƙonnin da ke bin kebul ma ƙunshi-ƙunshi suke tafiya, kuma ƙa'idar da ake kira 802.1Q, wadda ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE ta fitar a 1998, ta ba da damar a manna wa kowane ƙunshi 'yar lamba. Lambobin da ake iya amfani da su daga 1 ne zuwa 4094. Kai huɗu sun ishe ka. Ga yadda ni nake tsarawa a gini irin naka: lamba 10 ta ofis, wato kwamfutar karɓar baƙi da firinta da wayar da ake karɓar Orange Money ko MoMo da ita, lamba 20 ta baƙi, lamba 30 ta kyamarori da akwatinsu, lamba 99 kuma ta kula da na'urorin kansu, wato inda ake shiga a saita faya-fayan da suwic. Kowace lamba da nata jerin adireshi, kuma ina so lambar ta fito a cikin adireshin don kada a ruɗe: ofis 192.168.10, baƙi 192.168.20, haka har ƙarshe. Kowane jeri irin wannan yana ɗaukar na'ura 254.

Na'urori uku ne dole su fahimci wannan lamba, in ɗaya ya kasa aikin ya rushe.

Faifan da ke silin shi ne mai rubutu a jikin buhu. A cikin saitinsa ake cewa duk wanda ya hau sunan baƙi a manna wa saƙonsa 20, wanda ya hau na ofis a manna masa 10. Faya-fayan da aka yi don wuraren sana'a, irin su UniFi na Ubiquiti da Omada na TP-Link da na MikroTik, duk suna yin wannan, kuma tunda naka sun iya fitar da suna biyu, akwai kyakkyawan zaton ba sai ka canja su ba.

Suwic shi ne inda na fi samun matsala in an kira ni. Wannan akwati ne mai ƙofofi takwas ko goma sha shida ko ashirin da huɗu, inda duk kebul ɗin gidan suke haɗuwa. Iri biyu ne a kasuwa, kuma a ido kusan kamarsu ɗaya. Akwai wanda ake jona shi kawai ya kama aiki, ba shi da shafin saiti. Wannan bai san lamba ba, ba za ka iya ce masa ƙofa kaza ta kyamara ce ba. Akwai kuma wanda ake shiga cikinsa a ba kowace ƙofa umarni. Shi ake buƙata. A duba kwalin ko takardarsa, in ba a ga 802.1Q a rubuce ba, a ajiye shi. A cikinsa ƙofofi kashi biyu ne. Ƙofar da kebul ɗin faifan wifi ya shiga, da wadda ta tafi wurin rauta, su ne masu ɗaukar buhuna masu lamba iri-iri a lokaci ɗaya. Masu sana'a suna kiran irinsu taranki. Ƙofar da kyamara ko firinta ta shiga kuwa lamba ɗaya tak ake ba ta, kuma suwic ne yake manna lambar da kansa yana cirewa, domin ita kyamarar ba ta san da zancen ba. Ƙofofin da ba a jona komai a kansu ba, sai a kashe su. Na taɓa samun ramin kebul a bangon ɗakin baƙi, bayan talabijin, wanda ya zarce kai tsaye cikin layin ofis.

Na ukun shi ne rauta, mai tsaron ƙofar fita zuwa intanet, ko ta Camtel ka jawo ko ta MTN ko Orange. Shi ne zai raba adireshi ga kowace lamba daban. A nan ne nake so ka buɗe kunne sosai, Alhaji, domin nan ne ko waɗanda suka iya VLAN suke tsayawa rabin hanya. Aikin rauta na asali shi ne sada hanyoyi. In ka gina masa ɗakuna huɗu ka bar shi haka, yawancin rautoci za su ɗauki saƙo daga ɗakin baƙi su kai ɗakin kyamara ba tare da tambaya ba, tunda ba wanda ya hana su. Katangar ba ta tsaya ba sai an rubuta dokoki a sashen tsaron rautar. Dokar farko: baƙi su fita intanet, amma kada su isa kowane adireshi na cikin gida, har da shafin saitin rautar kansa, abin da za a bar musu wurinsa shi ne karɓar adireshi da tambayar sunayen shafuka. Ta biyu: ofis yana iya leƙa kyamarori, amma kyamarori ba sa fara magana da ofis, amsa kawai suke mayarwa. Ta uku: lamba 99 ba mai shigarta sai kwamfuta ɗaya da ka sani. Jerin dokokin ma yana da tasiri, don rauta daga sama yake karantowa, dokar da ta fara dacewa ita yake bi.

Akwai wani maɓalli a saitin sunan baƙi da ke hana wayoyin baƙi ganin junansu. A kunna shi. Mutumin ɗaki na uku ba shi da hurumi a kwamfutar mutumin ɗaki na tara, kuma amanarsu duka tana wuyanka muddin suna ƙarƙashin rufinka.

Kada a yawaita sunaye. Na shiga wani otal da aka buɗe wa suna bakwai: na manaja, na kicin, na masu gadi, na bene, na ƙasa. Kowane suna yana shelar kansa a iska kusan sau goma a daƙiƙa ɗaya, daga kowane faifai, ko da ba wanda ya hau shi, kuma wannan shela lokacin masu amfani take ci. Biyu sun ishe ka, uku in ta matsa. Kyamarori tunda da kebul suke, ba su buƙatar suna a iska ko kaɗan. Sunan ofis a kulle shi da tsarin tsaron wifi na WPA2, ko WPA3 da ya fito a 2018 in na'urorinka sun karɓa, da kalmar sirri doguwa wadda ba lambar wayarka ba ce, a kuma canja ta duk ranar da wani ma'aikaci ya bar aiki.

Wani abin da VLAN ba zai yi maka ba shi ne ƙara ƙarfin intanet. Bututun da ke shigowa gidan yana nan yadda yake. Sai dai da zarar baƙi sun koma lambarsu, ana iya yanka wa kowace waya iyakar abin da za ta ja, ta yadda mutum ɗaya mai sauke fim da dare ba zai hana ofis tura rasit ba.

Tunda za a taɓa suwic, bari in ƙara wannan. Faya-fayan silin ta cikin kebul ɗin suke shan wuta, tsarin da ake kira PoE. Tsohuwar ƙa'idarsa ta 2003 tana ba da wat 15.4 a ƙofa, ta 2009 tana kaiwa 30. A lissafa abin da faya-fayai huɗu da kyamarori za su sha gaba ɗaya, a gwada da jimillar da suwic ɗin zai iya bayarwa, in ba haka ba za ka ga faifai yana mutuwa yana tashi a rasa dalili. Kebul kada ya wuce mita 100, kuma a nemi na jan ƙarfe zalla. Akwai mai araha da ya cika kasuwa, alminiyon ne aka shafa wa jan ƙarfe a baya; ka kankare shi da wuƙa za ka ga fari a ciki. Yana zafi, yana karyewa, ba ya jure ɗaukar wuta. Ka kuma san zafin Garwa a watan Maris da Afrilu, inda ake haura digiri 40. Kada a kulle suwic da rauta cikin kabad marar iska, kuma a haɗa su da batirin ajiya saboda ɗaukewar kuran.

Shawarata game da yaron: ka kira shi, ka ba shi wannan shafi ya karanta. In ya ce zai iya, ka ba shi dama. Amma kada ka cika masa kuɗin aiki sai an yi gwaji a gabanka. Ka hau wifin baƙi da wayarka, ka buɗe wani shafi ka tabbatar intanet na zuwa. Sannan ka rubuta adireshin akwatin kyamara a wurin da ake rubuta sunan shafi, ka jira. Ka rubuta na rauta, ka rubuta na firinta. Dukkansu su ƙi buɗewa. Ka koma wifin ofis, kyamara ta buɗe. A maimaita a ƙarƙashin kowane faifai cikin huɗun, sama da ƙasa, domin sau da yawa akan gyara ƙofa uku a mance ta huɗu. Bayan haka ya rubuta maka a takarda wace ƙofa ce ta wace lamba, da kalmomin sirrin shiga na'urorin, ka ajiye tare da takardun gida. Kayanka ne, bai kamata mabuɗinsu ya zauna a kan mutum ɗaya da zai iya tafiya Duwala gobe ba.

TAMBAYA: Malam, ina da kantin magani a Domayo, Marwa. Rauta ɗaya ce gare ni, kwamfuta ɗaya ta lissafi, da yara biyu masu taya ni. Masu jiran magani da maƙwabta suna yawan roƙon kalmar sirri, ni kuma ina jin nauyin hanawa. Wani ya ce sai na sayi kayan VLAN. Gaskiya ne? Daga wata mai kantin magani a Marwa.

AMSA: Hajiya, ki riƙe kuɗinki. Shago ɗaya mai rauta ɗaya ba ya buƙatar wannan ɗawainiya. Yawancin ƙananan rautoci suna da sashen wifin baƙi a cikin saitinsu. A kunna shi, a ba shi suna da kalmar sirri daban, sannan a duba wani ɗan zaɓi da ke cewa a bar baƙi su ga na'urorin cikin gida, a tabbatar a kashe yake. Shi ke nan, maƙwabta sun sami zaurensu. Kalmar sirrin da kika riga kika rarraba kuwa ta zama ta gari, a canja ta, sabuwar ta tsaya tsakaninki da kwamfutar lissafi. Yaran shago ma na baƙin za su hau da wayoyinsu. In rautar taki ba ta da wannan sashe, canja ta da mai shi ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Ranar da kika buɗe reshe na biyu ko kika sa kyamarori, sai ki sake rubuto mini.

TAMBAYA: Yaya, ni mai koyon aikin rezo ne a Kusiri, wani lokaci ina tsallaka gadar Ngeli in yi aiki a Njamena. An ba ni aikin wata makaranta mai zaman kanta. Na saita VLAN 20 na ɗalibai a faifai da rauta. Waya tana kama sunan, ta daɗe tana cewa tana neman adireshi, sai ta sauka. Kwamfuta kuma tana nuna adireshi mai farawa da 169.254. Da na taɓa saitin suwic sai faifan ya ɓace mini gaba ɗaya, ban ƙara ganinsa a manhajar kula da shi ba. Ina kuskuren? Daga ƙaninka a Kusiri.

AMSA: Ƙanena, ka yi tambaya yadda ake so, da alamomi a hannu. Adireshi mai farawa da 169.254 kwamfuta ce ke ba kanta shi in ta yi kira ba wanda ya amsa. Ma'ana wifi ɗin lafiya lau yake, kalmar sirri ta wuce, amma roƙon adireshin bai isa wurin rauta ba, ko ya isa ba mai raba adireshi a lamba 20. Ka bi hanyar da ƙafa, ƙofa bayan ƙofa. Shin ka ƙirƙiri lamba 20 a cikin suwic ɗin kansa? Da yawa ba sa wuce lambar da ba a gabatar musu ba. Shin ƙofar faifai tana ɗauke da 20 a matsayin mai lamba? Ƙofar da ta tafi rauta fa? Ita aka fi mancewa. In akwai suwic na biyu a tsakani, kebul ɗin da ya haɗa su ma sai ya zama taranki a kai biyun. In duk wannan daidai ne, ka duba ko ka kunna DHCP, wato mai raba adireshi, a kan lamba 20 a rautar. Hanya mafi sauri ta gane inda ya tsaya: ka ɗauki wata ƙofa da ba kowa, ka ba ta lamba 20 ita kaɗai, ka jona kwamfutarka da kebul. In ta sami 192.168.20 da wani abu, tsakanin suwic da rauta lafiya, matsalar tana ƙofar faifai. In ba ta samu ba, ka bar faifan ya huta, ka nemi laifin ta wajen rauta.

Ɓacewar faifan kuma dalilinta daban. Faifai yana da nasa saƙon na kansa, wanda yake magana da manhajar kula da shi, kuma daga kamfani wannan saƙo ba shi da lamba. Kowace ƙofar taranki tana da ɗaki ɗaya da take zuba saƙo marar lamba, yawanci lamba 1 in ba a canja ba. Da ka taɓa saitin, ko dai ka hana ƙofar karɓar marar lamba, ko ka mayar da shi ɗakin da manhajar ba ta ciki. Ka mayar da ƙofar yadda take, faifan zai dawo. In kana so ka kai shi lamba 99, ka fara shirya 99 a rauta da suwic, ka tabbatar tana ba da adireshi kuma manhajar tana isa can, sannan ka sauya ɗakin marar lamba na ƙofar faifan zuwa 99. Faifai ɗaya za ka fara yi wa, wanda tsani ke kaiwa da sauƙi, ka ga ya dawo kafin ka taɓa sauran.

Irin wannan ta same ni a wani aiki a Ngaundare shekarun baya, na rufe ƙofar da ni kaina nake ciki, sai da na mayar da suwic yadda ya fito daga kamfani na sake aikin yini guda. Tun daga ranar nake barin ƙofa ta ƙarshe a kan lambar kula da na'urori, in liƙa mata farin tef in rubuta a kai, in kuma adana kwafin saiti a filashi kafin kowane canji. A makaranta, inda yara ke kai hannu ko'ina, suwic ɗin ya zauna cikin akwati mai kwaɗo da ramukan iska, mabuɗin yana ofishin shugaban makaranta. Ka gwada waɗannan, ka rubuto mini adireshin da kwamfutarka ta samu a ƙofar gwajin.